Tukunyar da Za Ta Riƙe Wutar Rana: Tambayoyi da Amsoshi kan Ɓarnar da Niyutron Ke Yi wa Ƙarfe

Duk sanda aka ba da labarin ci gaba a ƙoƙarin samar da lantarki ta hanyar haɗe ƙwayoyin zarra, hankalin mutane kan tafi ga wutar: zafinta nawa, daƙiƙa nawa ta yi tana ci. Ba kasafai ake tambayar lafiyar tukunyar ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗaliban fiziks da na injiniyanci suka fi maimaitawa da zarar sun gane cewa ƙarfen da ke kewaye da wutar ma yana da nasa ciwon.

Wace tukunya ake nufi, kuma me ya raba ta da tashoshin nukiliya da muka saba ji?

Tashoshin da ke aiki yau tsaga ƙwayar zarra suke yi. Suna ɗaukar ƙwaya mai nauyi, irin yuraniyom ɗin da ake haƙowa a Arlit ta Nijar, su raba ta biyu. Wadda muke magana a kai akasin haka take yi: tana haɗe ƙwayoyi biyu marasa nauyi, wato diyuteriyom da tiritiyom, dukansu dangin haidirojin, su zama hiliyom, kamar dai abin da ke faruwa a cikin rana. Mafi girman na'urar gwajin wannan aiki ita ce ITER da ake ginawa a Cadarache, kudancin Faransa, da haɗin gwiwar Tarayyar Turai, Amurka, Rasha, Sin, Japan, Koriya ta Kudu da Indiya.

Kowace haɗuwa ɗaya tana fitar da ƙwayar hiliyom da kuma niyutron guda, wato ɗaya daga cikin 'yan ƙananan abubuwan da ke cikin cibiyar ƙwayar zarra. Niyutron ɗin yana fita da kuzarin MeV 14.1 (eV awo ne na kuzarin irin waɗannan ƙwayoyi, MeV ɗaya kuwa eV miliyan ɗaya ne), kusan kashi 80 cikin ɗari na duk kuzarin da aka samu. Na tashar yuraniyom matsakaicinsa kusan MeV 2 ne. Wannan tazarar ta ninki bakwai ita ce uwar duk tambayoyin da ke biye.

In zafin ya kai digiri miliyan 150, ai narkewa ƙarfen zai yi. Me ya kawo maganar niyutron?

Wutar ba ta taɓa bango kai tsaye. Iskar da ke ci ɗin tana ɗauke da cajin lantarki, saboda haka manyan maganaɗisai ke riƙe ta a tsakiyar tukunya, nesa da ƙarfe. Niyutron kuwa ba shi da caji, maganaɗisu bai san da zamansa ba. Yana fita ya ratsa bango, ya shiga cikin ƙarfen har tsawon santimitoci masu yawa. Kuma ba za a ce a hana shi ba, domin shi ne ribar: zafin da ya bari a bango shi za a mayar tururi ya juya injin lantarki, kuma shi ne zai bugi litiyom a samu sabon tiritiyom. Abin da ake nema daga gare shi da ɓarnar da yake yi tafiyarsu ɗaya.

Me yake yi wa ƙarfen in ya shiga?

Ƙwayoyin zarra a cikin ƙarfe a jere suke sahu-sahu, kowace da mazauninta. Kuzarin da ake buƙata a tumɓuke ƙwayar baƙin ƙarfe daga mazauninta bai wuce eV 40 ba. Niyutron ɗin nan yana tafe da miliyan 14. In ya yi karo da ƙwaya ɗaya, yana iya ba ta har kusan eV miliyan ɗaya, ita kuma ta yi tsalle ta bangaji na gaba, na gaba su bangaji wasu, kamar an saki bijimi a tsakiyar kasuwa. A ɗan wurin da abin ya faru, ɗaruruwa ko dubban ƙwayoyi suna barin mazauninsu, wurin ya yi kamar ya narke, sannan ya huce. Duk wannan cikin lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa ba.

Da ƙura ta lafa, yawancin ƙwayoyin suna samun gurbi su zauna. Kaɗan ne ba sa samu. Sai a wayi gari da aibi iri biyu: gurbin da babu kowa a ciki, da ƙwayar da ta cusa kanta tsakanin sahu inda ba wurinta ba. Waɗannan biyun ba a zaune suke ba, yawo suke yi a cikin ƙarfen gwargwadon zafinsa. Masu kutsen kan taru su yi ƙananan zobba, guraben kan taru su yi kogo. Tauri, gautsi, kumburi, duk daga wannan taruwar suke fitowa.

Ba sabon ilimi ba ne. Masanin fiziks Eugene Wigner ya yi hasashen haka tun 1942, kuma gobarar tukunyar Windscale a Ingila a watan Oktoban 1957 ta tashi ne lokacin da ake ɗumama gawayin giraifait ɗin tukunyar don a saki kuzarin da irin waɗannan ƙwayoyi da aka tumɓuke suka tara.

Ina yawan ganin "dpa" a rubuce-rubucen fannin. Me ake nufi?

Awo ne na sau nawa aka tumɓuke kowace ƙwaya daga mazauninta, a matsakaici. Dpa 1 na nufin kowace ƙwaya a cikin ƙarfen ta taɓa tashi sau ɗaya. Jikin tukunyar tashar yuraniyom ta yau da kullum ba ya wuce kusan dpa 0.1 a shekaru 40. Bangon ITER zai samu 'yan dpa ƙalilan a duk rayuwarsa. Na'urar da Turai ke shirin ginawa bayan ITER, mai suna DEMO, an tsara bangonta na farko ya jure dpa 20, na biyu 50. Tashar kasuwanci kuwa za ta so ƙarfen da zai haura 100. Lissafin da ake riƙewa a ka shi ne: megawat ɗaya na niyutron a kan kowace murabba'in mita, na tsawon shekara, yana ba sitil kusan dpa 10.

Sai dai dpa kaɗai ba ya ba da cikakken labari. Ƙarafa biyu masu dpa ɗaya suna iya fitowa da hali daban in zafin da aka gasa su a ciki ya bambanta, ko yawan hiliyom ɗin cikinsu. Duba amsar hiliyom da ta zafi a ƙasa.

An ce radiyeshan na ƙara wa ƙarfe tauri. Wannan ba riba ba ce?

Nan ne kusan kowa ke fara yin tuntuɓe. Tauri daban, ƙwari daban, kuma duk maƙeri ya san haka. In ya gasa bakin gatari ya tsoma a ruwa, ƙarfen ya yi tauri har zarto ba ya cinsa, amma in bai sake ɗan ɗumama shi ba, ranar da ya haɗu da itace mai gardama sai bakin ya ɓantare. Abin da ake so a ƙarfen gini shi ne ya kasance da danƙo: in nauyi ya fi ƙarfinsa ya lanƙwashe tukuna, ya ba da alama, kafin ya karye.

Ga yadda ƙarfe ke lanƙwasa. Ɗauki doguwar darduma mai nauyi da mutum ɗaya ba zai iya ja ba. In ya ɗaga ninki ɗaya a wannan baki ya dinga tura shi da ƙafa har ya fita ta wancan baki, dardumar ta matsa ba tare da ya sha wahala ba. A cikin sahun ƙwayoyin ƙarfe akwai irin wannan ninki birjik, kuma zamewarsu ce ke sa ƙarfe ya miƙe ko ya lanƙwashe bai tsage ba. Zobba da kogunan da niyutron ya bari tamkar duwatsu ne aka jera a kan dardumar. Ninki ya zo ya cije. Sai an ƙara ƙarfi sosai kafin ƙarfen ya motsa, shi ne ƙarin taurin da ake gani a awo, har yakan kusa ninka na asali a sitil ɗin da aka gasa a wajen digiri 300. Amma ikonsa na miƙewa bai-ɗaya yana faɗuwa daga kashi da dama cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi ɗaya.

Akwai abin da ya fi wannan muni. In ninki ɗaya ya samu ya ɓalle, yakan share aibin da ke kan hanyarsa, sai na bayansa duk su bi wannan siririyar hanya. Maimakon nauyi ya watsu a jikin ƙarfen gaba ɗaya, sai ya taru a 'yan layuka, kuma daga nan tsaga ke farawa.

Ta yaya ake auna gautsi?

Da gwajin da Bafaranshe Georges Charpy ya fito da shi a 1901. Ana yanko ɗan sandan ƙarfe kamar tsawon ɗan yatsa, a yi masa ɗan tsagi a tsakiya, a kwantar da shi, a saki guduma mai lilo ta sauko ta karya shi. Nisan da gudumar ta ci gaba da tashi bayan karyawar shi ke nuna kuzarin da ƙarfen ya shanye. Mai danƙo yakan lanƙwashe, bakin karayar ya fito a yage, launinsa a dushe. Mai gautsi yakan rabu biyu tas, bakin yana ƙyalli kamar fasasshen tangaran, gudumar ta wuce kamar ba ta taɓa komai ba.

In aka maimaita gwajin a zafi daban-daban, za a ga akwai iyaka: sama da ita ƙarfen na da danƙo, ƙasa da ita gautsi. Jirgin dakon mai na Amurka, Schenectady, ya rabe biyu yana tsaye a tashar Portland a watan Janairun 1943, cikin sanyi, ba hadari ba yaƙi, saboda sanyin ya kai ƙarfensa ƙasa da wannan iyaka. Abin da niyutron ke yi shi ne ɗaga iyakar sama. Sitil ɗin Eurofer97, wanda Turai ta ƙera don bangon irin wannan tukunya, yana sabo iyakarsa tana wajen digiri 80 zuwa 90 ƙasa da sifiri. In aka gasa shi da niyutron a wajen digiri 300 zuwa 330 har dpa gommai, iyakar tana iya hawa da fiye da digiri 200. Ma'ana, ƙarfen da yake lafiya lau yana aiki da zafi, ranar da aka kashe tukunya ta huce don gyara, ya zama abin lallaɓawa.

Da gaske ne ƙarfe yana kumbura?

Ƙwarai. Masu bincike Cawthorne da Fulton ne suka ba da rahoton haka a 1967, bayan sun duba sitil marar tsatsa da ya yi aiki a tukunyar Dounreay ta Sikotlan suka tarar da ƙananan koguna a cikinsa. Dalilin shi ne ninkin nan da aka ambata a amsar tauri sun fi jawo ƙwayoyi masu kutse fiye da gurabe. Masu kutsen suna ƙara sabbin sahu, guraben da aka bari a baya suna taruwa su zama kogo, jikin ƙarfen ya ƙaru alhali nauyinsa na nan.

Kumburin ba ya farawa nan take. Yakan yi shiru na dpa da yawa, sannan ya ɓalle. A sitil marar tsatsa irin mai lamba 316, in ya kankama yakan kai kusan kashi 1 cikin ɗari a kowane dpa. Dangin sitil ɗin da ake kira feritik, irin su Eurofer97, sun fi jinkirin farawa, kuma gudunsu kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na wancan. Shi ya sa ITER, da dpa ɗinta kaɗan ne, ta yi amfani da 316, amma ba wanda ke shirin gina bangon tashar kasuwanci da shi.

Hiliyom ɗin da ake ta kuka da shi, daga ina yake shiga ƙarfe?

Ba shiga yake yi ba, a ciki ake haifarsa. Niyutron mai MeV 14 ba ture ƙwaya kawai yake yi ba, wani lokacin yakan shige cibiyarta ya sauya mata asali: ƙwayar baƙin ƙarfe ta zama kuromiyom ko manganis, ta tofar da hiliyom ko haidirojin. Irin wannan sauyi sai da niyutron mai kuzari sosai, shi ya sa a tukunyar yuraniyom sitil ɗin feritik ba ya samun ko ƙwayar hiliyom ɗaya cikin miliyan a kowane dpa, amma a nan yana samun kusan 10, haidirojin kuma kusan ninki huɗu na haka. A dpa 100 ke nan ƙwaya ɗaya cikin kowace dubu hiliyom ce.

Hiliyom ba ya narkewa a ƙarfe, ba ya haɗa jiki da komai, kuma ba ya fita. Gurbi yake nema ya shige, wasu su same shi a can, su zama kumfa. Kumfar tana hana kogo rufewa, don haka tana iya gaggauta kumburin da aka yi bayani a sama. In zafi ya yi yawa kuma, sai ta gangara kan iyakokin da ke tsakanin tsabar ƙarfen, wato ƙananan gutsattsarin da suka manne suka yi jikinsa, ta jeru kamar hujin da ake yi wa takardar rasit don ta yagu da sauƙi. Mai walda ma abin ya shafe shi: ƙarfen da ya tara hiliyom in aka sa masa wutar walda, kumfar takan buɗe a gefen ɗinkin ya tsattsage. Dokar da aka bi a tsarin ITER ita ce wurin da za a sake yi wa walda a kaurin ƙarfe kada hiliyom ɗinsa ya wuce kusan ƙwaya ɗaya cikin miliyan. A ganina wannan ce matsalar da ta fi kowace wuyar sha'ani, domin sauran aibin zafi na iya gyara su, wannan kuwa zafi ƙara masa ƙarfi yake yi.

To me zai hana a riƙa aiki da zafi mai yawa don aibin ya dinga warkewa?

Ana yin haka, amma filin ƙunci ne da shi. Sama da digiri 350 zuwa 400, zobban da ke kawo tauri ba sa daɗewa, gautsin Eurofer97 ya ragu sosai. Sai dai daga wajen digiri 550 ƙarfen kansa ya fara saki: yana miƙewa a hankali ƙarƙashin nauyin da a da bai dame shi ba, hiliyom kuma ya fara aikinsa a kan iyakoki. Tsakanin 350 da 550 ke nan, tazarar digiri 200 kacal, kuma a cikinta ne kumburi ya fi samun wurin zama. Gaba kura, baya sayaki. Niyutron ma da kansa yana sa ƙarfe saki ko da zafin bai kai ba, shi ya sa noti da aka ɗaure tam yakan sassauta bayan 'yan dpa.

Gasa ƙarfe don ya warke dabara ce da aka jarraba a zahiri. An yi wa jikin tukwanen yuraniyom samfurin Tarayyar Sobiyat da dama haka, a zafin digiri 475 na tsawon kwanaki, har da ta Loviisa a Finlan a 1996, kuma danƙonsu ya dawo sosai.

Wane ƙarfe aka tsayar za a yi bangon da shi?

Na gaba-gaba su ne sitil masu kuromiyom kashi 8 zuwa 9 cikin ɗari: Eurofer97 na Turai, F82H na Japan, CLAM na Sin. An samo su ne daga sitil ɗin tashoshin wuta na gargajiya, aka cire molibdinom, niyobiyom da nikel, aka sa tangistan, tantalom da banadiyom a madadinsu. Dalilin cirewar ba ƙarfi ba ne, shara ce. Niyobiyom in ya sha niyutron yana zama wani nau'i da sai bayan kusan shekara 20,000 rabinsa ke mutuwa. Burin shi ne ƙarfen da za a iya sake sarrafawa bayan kamar shekara ɗari. Ana kuma gwada sitil da aka barbaɗa wa ƙananan ƙwayoyin itiriya a ciki don su kama hiliyom kafin ya kai iyakoki, da gaurayen banadiyom, da saƙar silikon kabaid. Kowannensu na da inda ya fi Eurofer97 da inda ya gaza, galibi wajen walda da ƙera shi da yawa.

Ina matsayin tangistan, tunda shi ya fi jure zafi?

Sai a digiri 3422 yake narkewa, babu ƙarfen da ya kai shi. Shi ya sa aka ba shi wurin da ya fi ko'ina azaba, wato magudanar da ke ƙasan tukunya inda tokar wutar ke sauka, inda zafi ke kai megawat 10 a kan murabba'in mita. A 2023 ITER ta yanke shawarar bangonta ma a yi shi da tangistan maimakon beriliyom.

Aibinsa shi ne tun yana sabo mai gautsi ne a zafin ɗaki, niyutron kuma ya ƙara ɗaga masa iyaka. Yana kuma rikiɗa zuwa reniyom da osmiyom, waɗanda ke taruwa su ƙara masa tauri, su rage masa saurin miƙa zafi, alhali aikin da aka ɗauke shi ke nan. In fuskarsa ta haura wajen digiri 1200 zuwa 1300 na tsawon lokaci, tsabarsa takan sake tsari ta yi girma, ya ƙara rauni. Saboda haka ba a ɗora masa nauyi. Ƙananan tubala ake yi da shi, a zura bututun jan ƙarfe mai ruwan sanyaya a tsakiyarsu. Jan ƙarfen ma nasa filin ƙunci ne: ƙasa da wajen digiri 200 niyutron na busar masa da danƙo, sama da 300 ya fara laushi.

Maganaɗisan fa, suna tsira?

Suna bayan garkuwa mai kauri, abin da ke isa gare su kaɗan ne, amma su ma ba sa jure da yawa. Na ITER suna aiki a digiri 269 ƙasa da sifiri, kuma a irin wannan sanyi aibi ba ya motsi balle ya warke. Abin da ya fi saurin gajiya shi ne ƙaron da ke raba wayoyin. Wayar waɗanda suka fi ƙarfi a cikinsu gaurayen niyobiyom da kuza ce, ma'adinai biyun da aka san tudun Jos da su tun zamanin Turawa, ko da yake yau Birazil ce ke samar da mafi yawan niyobiyom na duniya.

A ina ake gwada duk wannan, tunda ba a gina tashar ba tukuna?

Nan gizo ke saƙar. Babu wata na'ura a duniya yau da ke ba da niyutron mai MeV 14 da yawan da zai kai ƙarfe dpa gommai. Alkaluman da aka kawo a sama galibi daga tukwanen yuraniyom na bincike suke, irin HFIR a Oak Ridge ta Amurka, HFR a Petten ta Holan, da BOR-60 a Rasha. Suna ba da dpa, amma hiliyom ɗinsu kaɗan ne. Masu bincike kan yi dabara su cusa boron ko nikel a ƙarfen don ya haifi hiliyom, sai dai abin da aka cusa ɗin shi ma yana sauya halin ƙarfen. Wata hanyar ita ce harbin ƙarfe da ƙwayoyi masu caji, wadda ke ba da dpa 100 cikin kwanaki, amma ɓarnar ba ta wuce zurfin 'yan maikiromita ba, bai kai kaurin gashi ba, ba kuma a yi wa fatar ƙarfe gwajin guduma.

Maganin da ake jira shi ne IFMIF-DONES da ake ginawa a Escúzar kusa da Giranada a Sifaniya. Za ta harba diyuteriyom mai MeV 40 a kan labulen narkakken litiyom mai gudu, niyutron ya fito ta baya ya daki samfura. Wurin da ɓarnar ta fi ƙarfi bai kai cikin kwalbar lemo ba, shi ya sa aka ƙware wajen ƙera 'yan mitsi-mitsin samfura da za a iya amincewa da sakamakonsu.

Tukunyar bincike da ke Zariya za ta iya irin wannan gwaji?

A'a. NIRR-1 da ke Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta fara aiki a 2004, ƙarfinta kusan kilowat 30 ne, irin GHARR-1 ta Akara. HFIR megawat 85 ce, kusan ninki dubu uku. Niyutron ɗin Zariya bai isa ya tara dpa mai ma'ana ba ko an shekara ana gasawa. Aikin da ta ƙware a kai shi ne gano sinadaran da ke ɓoye a cikin samfuri, komai ƙanƙantarsu, kuma wannan yana da alaƙa da amsar zaɓen ƙarfe: ƙimar sitil irin Eurofer97 tana rataye ne a kan tabbatar da cewa niyobiyom, kobalt da azurfar da suka saura a cikinsa ba su wuce 'yan ƙwayoyi cikin miliyan ba. Ɓangaren lissafin karon ƙwayoyi kuwa a kwamfuta ake yinsa, da manhajoji irin LAMMPS da SRIM waɗanda ake saukewa kyauta.